Malami, Manhaja da Yaron Benci na Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare na gwamnati da hantsi, a Kano ne ko Gusau ko Azare, ya san sautin. Malami ya faɗi jimla, yara tamanin ko ɗari su amsa da murya ɗaya har rufin kwano ya ɗauka. Ya sake faɗa, su sake amsawa. Can ya juyo daga allo ya ce, "Kun gane?" Aji ya ce, "Eee!" Ya ce, "Akwai mai tambaya?" Su ce, "Babu!" Daga nan sai kwafar abin da ke allo har a buga ƙararrawar tara. Mai wucewa zai ce karatu na tafiya. Amma da za a kira yaron da ke benci na ƙarshe, ko wanda ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa, a buɗe masa littafinsa da ya cika da rubutu, a nuna masa layi ɗaya daga tsakiya a ce ya karanta, sau da yawa shiru zai yi. Hannunsa ya iya zana haruffan, amma bai san abin da suka ce ba.

Wannan ciwo ya wuce Arewa. A 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kashi 90. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta, sunayensu na cikin rajista, ana ƙara musu aji kowace shekara.

Idan aka tashi neman mai laifi, yatsa kan fara nuna gwamnati: azuzuwa sun lalace, kujeru babu, albashi ba ya isa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali akwai malamin da ke fuskantar ninkin wannan uku. Daga nan yatsa ya koma kan malaman kansu, a tuno abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ba malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: malamin da ya ci waccan jarrabawa da maki mai kyau, yana zuwa aiki kullum, yana tsoron Allah, zai iya shafe shekara guda yana koyarwa rabin ajinsa bai ƙaru da komai ba. Dalili kuwa shi ne hanyar da aka ɗora shi a kai.

An ba shi manhaja, an yanka masa ita mako-mako. Makon nan kasafi, mako mai zuwa ma'auni, na gaba kuma wani abu. Idan mai duba makarantu ya zo, littafin shirin darasi yake tambaya, ya ga ko an rubuta, ko hedimasta ya sa hannu, ko an kai inda ya kamata a kai a wannan zango. Da wuya ya kira yaro ya ce karanta mini nan. To malami ma ɗan Adam ne, abin da ake tambayarsa shi zai kula da shi. Yakan koyar da yara biyar ko goma na gaba da ke iya binsa, su ne ke ɗaga hannu, su ne ke jan amsar da aji ke maimaitawa. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba a aji biyu, a haka zai shiga aji uku, inda littafin ya ɗauka cewa ya riga ya iya. Kowace shekara ratar da ke tsakaninsa da darasi sai ƙara faɗi take yi, har ya kai aji shida yana zaman rakiya.

Masu bincike sun ga wannan ƙarara a yammacin Kenya a ƙarshen shekarun 1990. An raba wa makarantu littattafan karatu, ana sa ran sakamako zai tashi. Da Michael Kremer da abokan aikinsa suka auna, sai suka tarar yaran da dama can ke kan gaba ne kawai suka amfana. Sauran littafin ya fi ƙarfinsu, ga shi da Turanci, harshen da ga yawancinsu shi ne na uku. Bayan wasu shekaru aka sake wani gwaji a Kenyar, aka raba 'yan aji ɗaya gida biyu gwargwadon abin da suka iya, kowane rukuni da malaminsa. Wannan karon kowa ya ƙaru, na gaba da na baya, domin malami ya samu damar yin magana daidai da kunnen da ke saurarensa.

A Indiya ne aka fi zurfafa wannan tunani. Wata ƙungiya mai suna Pratham, wadda ta fara aiki a unguwannin talakawan Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ta ɓullo da hanyar da a yau ake kira TaRL, wato koyar da yaro daga inda iliminsa ya tsaya. Abin ba shi da wuyar fahimta. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, da baki, da takarda guda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Cikin 'yan mintoci an san matsayinsa: bai san harafi ba, ko ya san harafi, ko ya iya kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a ware awa ɗaya ko biyu a rana, a ajiye maganar aji da shekaru, a haɗa yara gwargwadon matsayinsu. Wanda ya ƙware ya haura rukuni na gaba nan take, ba sai ƙarshen shekara ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Kremer, sun shafe shekaru suna auna wannan hanya. A jihar Uttar Pradesh, bayan zaman karatu na 'yan makonni da aka rarraba cikin shekara, yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari sun ninka na makarantun da ba a yi shirin ba.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken nasu shi ne inda shirin ya gaza. A jihohin Bihar da Uttarakhand an ba malamai horo, an ba su kayan aiki, aka bar su su saka sabuwar hanyar cikin darussansu na kullum. Kusan babu abin da ya canza, domin da suka koma aji manhaja ta sake jan su. A Haryana kuwa, inda aka keɓe awa ta musamman a jadawali, aka kuma sa jami'an gwamnati da suka gwada hanyar da hannunsu suna zagayawa, karatun yara ya ɗaga. Duk jami'in da ke ganin taron bita na kwana uku a otal, da jaka da kuɗin mota, ya isa ya sauya yadda ake koyarwa, ya kamata a karanta masa wannan sakamako.

Hanyar ta iso Najeriya. An gwada ta a Borno daga 2018, sannan a 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar da British Council da TaRL Africa. Ana fara karatun da Hausa, lissafi kuma da tsinkaye da ɗaurin goma-goma kafin a koma lambobi a allo.

Amma ni duk lokacin da na ji ana bayanin wannan hanya kamar sabon abu daga ƙetare, makarantar allo nake tunawa. A tsangaya babu aji ɗaya ko aji biyu. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Kolo na kan babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani yana izu biyar, wani ya doshi sauka, duk a zaure ɗaya ko gindin bishiya ɗaya. Ba a wanke wa yaro allo sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, an ji da kunne cewa ya iya. Idan bai iya ba, ya koma ya ci gaba da nanatawa, ko da sa'o'insa sun wuce shi. Malam ɗaya kuma yakan riƙe yara masu yawa domin gardawa da manyan almajirai na biya wa ƙanana. Ga tilawa, wadda ke hana abin da aka wuce ya zube. Wato gwajin mutum ɗaya-ɗaya, tafiya daidai ƙarfin yaro, babba ya koya wa ƙarami, da komawa baya a kai a kai, duk suna nan tun kafin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nassarawar Kano a 1909. Tsangaya na da nata matsalolin, ba a ɓoye suke ba: dorina ta yi yawa, yaro kan daɗe yana karanta abin da ba a fassara masa ba, ga halin rayuwar da almajirai da yawa ke ciki. Amma a kan wannan batu guda, na ƙin wucewa gaba sai an tabbatar yaro ya iya, alaramma ya fi malamin boko tsari. Abin mamaki, malamin firamaren da ke cewa "kun gane" da safe, wataƙila shi ne da yamma ke zaune a Islamiyya yana sauraren yara ɗaya bayan ɗaya.

To yaya malami mai yara casa'in zai yi? Ba sai ya jira wani shiri ya zo da mota mai tambari ba. A makon farko na zango zai iya rubuta takardar gwajinsa da hannu, ya riƙa kiran yara goma-goma kullum yayin da sauran ke wani aiki. Kafin mako biyu ya san ajinsa, kuma abin da zai gani kan tayar da hankali a karon farko. Daga nan ya raba su rukuni uku ko huɗu, ya ɗora waɗanda suka iya a kan ƙananan rukunai, shi kuma ya fi zama wurin waɗanda ba su san harafi ba, tunda su ne suka fi bukatarsa kuma su ne aka saba mantawa. Monita da aikinsa a da shi ne rubuta sunayen masu surutu, yanzu ya zama mai biya wa 'yan uwansa. Idan makarantar na da malamai uku a aji huɗu zuwa shida, abin ya fi sauƙi: su haɗa yaran duka na awa ɗaya, kowa ya ɗauki rukuni. Wannan kam sai da yardar hedimasta, shi ya sa nake ganin hedimasta ne ginshiƙin maganar.

Hausa ma ta sauƙaƙa wa malami aiki. Rubutunta na boko kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Yaron da ya san sautin baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba, bi, bu, da ka, ki, ku, ya kama hanyar karanta kusan kowace kalma. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya kan yi sauti uku ko huɗu, sai an haddace kalmomi da yawa ɗaya-ɗaya. Tsofaffin littattafan nan, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, a kan wannan sauƙi aka gina su, kuma iyayenmu da yawa da su suka buɗe ido kafin su kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Shirye-shiryen baya-bayan nan, kamar RANA da aka fara a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta na Bauchi da Sakkwato, sun dawo kan wannan turba ce: sauti, gaɓa, kalma, jimla, labari, da littafi a hannun kowane yaro.

Nan ne maganar harshen koyarwa ta shigo, kuma ba a rabu da ita ba har yau. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara duk darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Jamhuriyar Nijar ta fara makarantun gwaji masu harshe biyu a 1973, da Hausa a Damagaram. A Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa harshen uwa zai zama harshen koyarwa a duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi jarrabawar sun fito ne daga azuzuwan da littafi ke Turanci, rubutun allo Turanci, bayani kuma gauraye, ba a koya musu karatu sosai da kowane harshe ba. Iyayen da ke son 'ya'yansu su iya Turanci suna da gaskiya, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Amma yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji ya riga ya gane yadda rubutu ke aiki, abin da ya rage masa shi ne koyon sabon harshe. Wanda aka fara masa da Turanci kai tsaye an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Ko me takardar Abuja ta ce, malamin ƙauyen Jigawa da Hausa zai yi bayani idan yana son a fahimce shi, gara a ba shi littafi da horon da za su sa ya yi shi da tsari.

A cikin darasin kansa akwai ƙananan dabaru da ba sa cin ko kwabo. Wadda shirye-shiryen karatu suka fi yaɗawa ita ce ta matakai uku: in yi, mu yi, ku yi. Malami ya yi aikin a gabansu yana faɗin abin da yake tunani, sannan su yi tare, sannan ya sake su su yi da kansu yana zagayawa. Azuzuwanmu sun ƙware a biyun farko. Na ukun ne ake tsallakewa, alhali a nan ne kaɗai ake gane wanda ya iya. Amsar taro na da amfaninta wajen koyon sauti da jadawalin sau, ban ce a daina ba. Amma bayanta sai a tambayi mutum ɗaya, kuma kada a tsaya kan masu ɗaga hannu. A fara jefa tambayar, a dakata, sannan a kira suna, domin kowa ya yi tunani yana zaton shi za a kira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da daƙiƙa ɗaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba sa magana ma su fara magana. A ajinmu wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda tarbiyyar kunya kan sa su yi shiru ko sun san amsa.

Wata dabarar ita ce kowa ya rubuta amsarsa a ƙaramin allo ko bayan kwali, a ɗaga gaba ɗaya. Da kallo ɗaya malami ya ga kai casa'in. Inda babu kwali, a fita waje a rubuta a ƙasa. Murfin kwalba, tsakuwa da kara sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. Minti biyar na farkon darasi kuma a ba darasin jiya da na makon jiya, a rufe littafi a tambaya, domin abin da yaro ya yi ƙoƙarin tunowa da kansa ya fi zama a kai fiye da wanda aka sake karanta masa.

Bulala ba zan daɗe a kanta ba. Yaron da ya san kuskure na jawo duka ba zai taɓa nuna wa malami inda bai gane ba, kuma malamin da bai san wannan ba a makance yake aiki. Aji mai aikin yi a hannu ma ba ya cika surutu.

Akwai masu sukar duk wannan, kuma ya kamata a saurare su. Wasu na cewa raba yara rukuni zai sa na baya su ji an ware su. Haka ne idan rukunin ya zama tambari na dindindin, ana kiran wasu daƙiƙai. Idan kuwa ana sake gwaji duk bayan 'yan makonni yara na haurawa, abin kan zama abin zumuɗi. Wasu malaman kuma na ƙin littafin jagora mai tsararren darasi, suna ganin raini ne ga mai takardar NCE a ce ga abin da zai faɗa. Kenya ta bi wannan hanya a shirinta na Tusome daga 2015, da littafi ga kowane yaro, da jagorar malami, da jami'ai masu shiga aji su zauna su kalli darasi su ba da shawara, kuma karatun yara ya inganta a faɗin ƙasar. Ƙwararren malami zai iya ajiye jagorar in ya ga dama. Sabon malami da aka jefa aji ba tare da ya taɓa ganin yadda ake koyar da karatu ba, ita ce madogararsa. Kwalejojin ilimi ma na da nasu kason laifi: ɗalibi kan haddace ra'ayoyin masana tarbiyya don cin jarrabawa, ya fito bai san yadda ake koya wa ɗan shekara shida bambancin "da" da "ɗa" ba. Tsofaffin malamai da ke kewar kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, wannan aikin hannu suke kewa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ɗorewa. Yawancin shirye-shiryen da na ambata da kuɗin ƙasashen waje aka yi su, kuma mun sha ganin yadda littattafai ke ƙarewa, zagaye ya tsaya, da zarar masu tallafi sun naɗe tabarmarsu. Dabara ba za ta maye gurbin albashi a kan lokaci ba, ba za ta gina aji ba. Amma keɓe awa ɗaya a jadawali don karatu da lissafin tushe, da sauya abin da mai duba makarantu ke tambaya, waɗannan umarni ne da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya na kowace jiha zai iya bayarwa a takarda guda. Kirana gare su da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi shi ne, duk jami'in da zai ziyarci makaranta a zango mai zuwa, ya zaɓi yara goma da kansa daga bencin baya, ya saurari karatunsu, ya rubuta adadin waɗanda suka iya a rahotonsa kafin ya buɗe littafin shirin darasin malami.